Idan likita ya ce a koma gida: aikin da ke jiran masu jinya

Akwai maganar da iyalai ke ji daga bakin likita su fito jiki a sanyaye: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, babu sauran abin da za a yi." Rabinta gaskiya ne. Ciwon daji da ya bazu, zuciya ko ƙoda ko hanta da ta gaza, huhun da ya lalace, ciwon mantuwa da ya yi nisa, kowannensu yana da matakin da magani ba ya iya juya shi. Ɗaya rabin kuwa kuskure ne, domin aiki yana nan jibge, manufarsa ce kawai ta sauya. Da warkewa ake nema. Yanzu abin nema shi ne kada mutum ya kwana yana nishi, kada bayansa ya yi gyambo, kada bakinsa ya bushe ya tsage, kuma ya samu sararin faɗin abin da ke ransa tun yana iya magana.

Wannan fanni ne mai zaman kansa a likitanci, wato kulawar sassauta wahala. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967 domin masu ciwon da ba ya warkewa, kuma daga nan tsarin ya yaɗu. A Amurka, tun 1982 inshorar gwamnati ta tsofaffi ke ɗaukar nauyin irin wannan kulawa ga wanda likitoci suka ƙiyasta sauran kwanansa bai wuce wata shida ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar sassauta wahala kowace shekara, kuma kashi 14 cikin 100 ne kacal ke samu. Ma'ana, a mafi yawan gidajen duniya, 'ya'ya da mata da miji da 'yan'uwa su ne ma'aikatan, ba tare da kowa ya koya musu komai ba.

Wahalar da ake gani a irin waɗannan gidaje, da wuya a ce sakaci ne ya kawo ta. Yawanci mutane ne masu ƙaunar maras lafiya suka ci gaba da yi masa abin da ke amfanar wanda zai tashi: a matsa masa ya ci, a rage masa magani mai ƙarfi, a ƙara masa ruwa, a ɓoye masa gaskiya don kada ya karaya. Ga wanda jikinsa ke rufewa, kowanne daga cikinsu yana iya zama ƙarin azaba.

Mu fara da ciwo, don shi ne ke hana kowa barci. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da har yau ake bi: magani ta baki, a kan agogo, daga mataki zuwa mataki. Ƙaramin ciwo farasitamol, matsakaici kodin ko tiramadol, mai tsanani kuma mofin. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a awa 24, kuma ana rage shi ga wanda ya rame ƙwarai ko mai ciwon hanta. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne batun agogo. Mofin na ruwa ko ƙwayarsa mai saurin aiki tana riƙe ciwo kamar awa huɗu, saboda haka duk awa huɗu ake ba da shi, ko ciwon ya dawo ko bai dawo ba: 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, 2 na dare. Wasu likitoci kan ninka na 10 na dare domin a tsallake na 2. Wanda ya ce "bari sai ya fara jin ciwon" ya jawo wa kansa aiki biyu. Ciwo kamar wuta yake, danne garwashi ya fi kashe gobara sauƙi, kuma maras lafiyan da ya saba ganin ciwo yana dawowa kafin a ba shi magani, fargabar jira kaɗai tana ƙara masa zafin.

Likita ne ke yanke adadin, amma ya kamata mai jinya ya fahimci lissafin. Ga wanda bai taɓa shan mofin ba, akan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu. A ce 5 ne: sau shida ya zama 30 a yini. Idan ciwo ya ɓallo tsakanin lokuta, akwai ƙarin da ake bayarwa, kimanin kashi ɗaya cikin shida na jimillar yini, wato 5 a wannan misali, kuma ba a ɗaga lokacin magani na gaba saboda shi. Ku rubuta kowane ƙari a littafi da lokacinsa. In ya sha ƙari uku a yini, jimilla ta zama 45, to likita zai iya mayar da na duk awa huɗu 7.5. Ba tare da littafin ba, nas za ta tambaya "sau nawa ya buƙaci ƙari jiya?" mutum uku su ba ta amsa uku.

Kuskure mafi haɗari a gida shi ne rikita miligiram da mililita. Mofin na ruwa ƙarfinsa ba ɗaya ba ne: wata kwalba miligiram 5 ne a cikin mililita 5, wata kuma 50 a cikin mililita 5 ɗin, ninki goma ke nan. Duk sabuwar kwalba, a karanta jikinta kafin a buɗe, a sa mai ba da magani ya rubuta adadin mililita ƙarara. A auna da sirinji mara allura, kada a yi amfani da cokali. Ƙwayar mofin mai sakin jiki a hankali, ta awa 12, ba a daka ta kuma ba a tauna ta, domin maganin awa 12 zai shiga jini lokaci guda. Fentanil na liƙawa a fata, wani maganin ciwo mai ƙarfi dangin mofin, kwana uku yake yi, yana ɗaukar rabin yini ko fiye kafin ya fara aiki, kuma zazzaɓi ko ɗumama wurin yana sa jiki ya zuƙe shi fiye da ƙima. A cire tsohon kafin a liƙa sabo.

Tsoron da iyalai ke yi wa mofin iri biyu ne: zai zame masa jaraba, ko zai gaggauta mutuwarsa. Idan an fara da kaɗan ana ƙarawa daidai da ciwo, ba ya gajarta rai, kuma mutane da yawa suna shafe watanni a kansa suna hira suna harkokinsu. Tunanin cewa "allurar ƙarshe ce ta kashe shi" ya samo asali ne daga jinkiri: ana hana mutum maganin sai ya rage masa kwana ɗaya, sannan a ɗora wa maganin laifi. A Yuganda, inda Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, mofin na ruwa mai araha shi ne ginshiƙin aikin, kuma tun 2004 dokar ƙasar ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman damar rubuta shi. Duk da haka akwai alamun da ke nuna ya yi yawa a jiki, musamman ga mai ciwon ƙoda, don ƙoda ce ke fitar da ragowarsa: fizgar hannu ko ƙafa, gane-gane, barcin da ba a iya tayar da mutum daga shi, numfashi ƙasa da takwas a minti. In an ga haka a dakata da na gaba, a kira likita nan take.

Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwanakin farko sukan wuce da kansu. Taurin bayan gida kuwa ba ya wucewa. Duk wanda aka ɗora a kan mofin, kodin ko tiramadol, ranar ce za a fara masa maganin sassauta ciki irin su sena, ba sai matsala ta zo ba. Kwana uku ba bahaya, a sanar da nas, ko da ba ya cin abin kirki, domin hanji yana tara datti ko ba a ci ba. Ga wani tarko: idan bahaya ya daskare ya toshe hanya, ruwa-ruwa kan riƙa zurarowa ta gefensa, iyali su ɗauka gudawa ce su ba da maganin tsayar da ita. Sai abu ya ƙara lalacewa. Gudawa bayan kwanaki na taurin ciki, a duba dubura tukuna.

Ba kowane ciwo ke jin mofin sosai ba. Mai zafi kamar ƙuna, ko kamar jan lantarki, ko tsikarar allura, ciwon jijiya ne, kuma yana buƙatar irin su amitiriftilin ko gabafentin. Ciwon ƙashi yakan ji maganin kumburi, wani lokaci kuma gashin wurin da na'ura sau ɗaya ya isa. Shi ya sa "yana jin ciwo" bai ishi likita ba. A ina, wane iri, me ke tayar da shi, nawa ne daga sifili zuwa goma? Wanda ba ya magana kuma, fuskarsa za a karanta: ɗaure goshi, cije baki, ƙanƙame jiki idan an juya shi.

Abinci shi ne abin da ya fi haɗa 'yan'uwa faɗa. Ɗaya ya ce ana barin Baba da yunwa, ɗaya ya ce a ƙyale shi. Ciwo mai nisa yana sauya yadda jiki ke sarrafa abinci, naman jiki ya yi ta zubewa ko da ana ci, kuma yunwar kanta ta ɗauke. Rashin ci alama ce ta inda ciwon ya kai, ba shi ne ke jan mutum zuwa ƙarshe ba. A kawo kaɗan a ƙaramin faranti, abin da ransa ke so, lokacin da yake so; in ya kau da kai, shi ke nan. A zaunar da shi sosai kafin ya ci, a bar shi zaune rabin awa bayan ya gama. Idan ya fara ƙwarewa, ko muryarsa ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro bayan haɗiya, to abin yana bin hanyar iska zuwa huhu, kuma ɗura a wannan hali ciwon huhu take kawowa. Wanda bai farka sosai ba, ba a zuba masa komai a baki.

Ƙarin ruwa ma haka. Jama'a suna ganinsa alamar ana yin wani abu, kuma akwai inda yake da amfani, kamar wanda amai ko gudawa ta kayar da shi alhali da sauran kwana a gaba. Amma a kwanakin ƙarshe ƙoda ba ta iya fitar da shi, sai ya taru a ƙafafu da ciki da huhu, numfashi ya ƙara wuya. Ƙishin da ake ji masa tsoro yawanci bushewar baki ce, kuma a baki ake maganinta. Duk awa ɗaya ko biyu a jiƙa ƙyalle mai tsabta ko burushi mai laushi, a matse, a goge harshe da dasashi da cikin kumatu, a shafa mai a leɓe. In yana kan oksijin kada a shafa Vaseline, don tana iya kama wuta. A nemi man leɓe wanda aka haɗa da ruwa. Farin dabbare a harshe da zafin haɗiya alamar fangas ne, nistatin kan kawar da shi cikin kwanaki, kuma sau da yawa mutum ya koma shan abin da ya ƙi.

Gyambon kwanciya yana farawa cikin awanni, warkewarsa kuwa, a jikin da ya rame, sai a hankali ko ma babu. Wuraren dubawa kullum: ƙasan baya wajen ƙashin wutsiya, dunduniya, gefen ƙugu, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya, da bayan kunne inda robar oksijin ke bi. A danna wurin da yatsa. Lafiyayyar fata takan yi haske ta dawo. Wadda ta ƙi sauyawa ta fara lalacewa. A fata mai duhu jan da wurin ke yi ba ya fitowa sosai, sai a lura da wurin da ya fi kewayensa duhu, ɗumi ko tauri. Ana juya mutum duk awa biyu zuwa huɗu, a ɗan karkata shi kamar digiri 30 da matashi a bayansa, ba a ɗora shi tsaf a kan ƙashin ƙugu ba. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta rataye ba ta taɓa katifa. A ninke zani a shimfiɗa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga. Ja a kan gado yana saɓule fata. Kada a murza wurin da ya fara ja, kada kuma a sa matashi mai rami a tsakiya, gefensa ne ke datse jini. In juyawar tana masa zafi, a ba da ƙarin maganin ciwo rabin awa kafin a taɓa shi. Gyambo mai wari kuma, nas kan daka ƙwayar Flagyl ta barbaɗa, cikin 'yan kwanaki warin ya ragu, masu zuwa dubiya su daina tsayawa a bakin ƙofa.

Sarƙewar numfashi tana firgita mai ita da mai kallo. A zaunar da shi, ya ɗan sunkuya gaba ya dafa matashi, a buɗe taga, a juya ƙaramar fanka tana bugun fuskarsa. Wannan ba dabarar rarrashi ba ce, iska a fuska tana rage jin haki da gaske. Mofin kaɗan ma yana taimakawa. Oksijin yana amfani ne ga wanda awo ya nuna nasa ya yi ƙasa. Ga wanda nasa ke daidai, bai fi fanka ba.

Akwai abubuwan da ba a zama a kansu ko da an yarda ciwon ba mai warkewa ba ne. Mai ciwon daji da ya fara sabon ciwon baya mai zagayo ƙirji ko ciki kamar ɗamara, ƙafafu suka yi nauyi, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba, ƙila lakarsa ce ake dannewa, kuma kwana ɗaya na iya raba tafiya da shanyewa. Ruɗewa da ƙishi da taurin ciki a tare na iya zama yawan kalsiyam a jini, wanda ake iya gyarawa. Idan kuma likita ya yi gargaɗin jini zai iya ɓallewa, a ajiye tawul masu duhu kusa da gado, kuma in ya faru wani ya tsaya tare da shi, kada kowa ya watse neman taimako.

Tulin magungunan da ya shekara yana sha, a kai wa likita ya tace. Na rage kitse a jini ba shi da sauran amfani. Na hawan jini yana iya sa shi jiri ya faɗi yanzu da jinin ya sauka da kansa. Na ciwon suga ga wanda ya daina ci haɗari ne, sugan zai faɗi ƙasa. Amma na farfaɗiya da na kumburi irin su deksametason ba a yanke su kwatsam. Tun yana iya haɗiya a tambaya: ranar da ya kasa fa? Amsar ita ce allura ƙarƙashin fata ko ƙaramar na'ura mai tura magani cikin awa 24, kuma idan mofin ya koma ta allura kusan rabin na baki ake bayarwa. Magungunan nan su kasance a gida kafin a buƙace su, tare da lambar da za a kira da tsakar dare a liƙe a bango. Galibin gudun asibiti na ƙarfe uku na dare, rashin wannan shiri ne ke jawo shi.

Sai maganar da kowa ke gudu. Maras lafiya yakan san halin da yake ciki tun kafin a gaya masa, don shi ke cikin jikin. Idan kowa na cewa "za ka tashi", sai ya yi shiru don kada ya tayar musu da hankali, ya zauna da tsoronsa shi kaɗai. Ba dole a jefa masa labari ba. Tambaya ta isa: "Baba, ya kake ganin jikin nan?" "Me ya fi damun ka?" "Akwai wanda kake so a kira maka?" Sannan a yi shiru a saurara. In ya kau da zancen, ya zaɓa, a bar shi. In ya buɗe, to lokacin wasiyya ne, da bashi, da neman gafara, da faɗin inda yake so ya ƙarasa kwanakinsa, da wanda zai yi magana a madadinsa in ya kasa. A rubuta. Ga masu tambayar "saura yaushe?", ma'aikatan wannan fanni suna duba saurin raguwar ƙarfi: in daga wata zuwa wata ake ganin bambanci, lissafin na watanni ne, in mako zuwa mako, makonni, in kullum sai an ga ya ragu, a kira na nesa yau.

A kwanakin ƙarshe barci yana yawaita, fitsari ya ragu ya yi duhu, hannu da ƙafa su yi sanyi, gwiwoyi da tafin ƙafa su yi dabbare-dabbare. Numfashi ya riƙa yin zurfi, ya yi ƙasa, ya tsaya na daƙiƙoƙi, ya dawo. Wasu kan shiga fizge-fizge, suna jan zani suna neman sauka daga gado. Kafin a ce fitar rai ce, a taɓa mararsa: mafitsara cike da fitsarin da ya kasa fita tana sa haka, robar fitsari kuma ta kwantar da shi cikin minti kaɗan. A duba taurin ciki, a duba ciwo. In babu ko ɗaya, akwai magani mai kwantar da shi irin su halofaridol ko midazolam. Kada a ɗaure shi. A rage hayaniya, a bar fitila mara ƙarfi, mutum ɗaya ya riƙa magana a lokaci guda, yana faɗin ko shi wane ne.

Kakarin da ake ji a maƙogwaro yawu ne da ya daina haɗiyewa, iska na bi ta cikinsa. Ya fi damun masu saurare fiye da shi. A juya shi gefe, a ɗan ɗaga kan gado, a goge abin da ya gangaro. Zura roba can ciki don tsotsewa yana sa shi yunƙurin amai, yawun kuma ya sake taruwa. Allurar Buscopan tana rage sabon yawu amma ba ta busar da wanda ya riga ya taru, shi ya sa ake yin ta da wuri. A ci gaba da maganin ciwo ko ba ya farkawa. A kuma ɗauka yana ji: gardamar rabon gado da lissafin kuɗin asibiti, a fita da su waje.

Masu jinya su raba dare tun farko, a rubuce, domin mutum ɗaya da ya kwana uku bai runtsa ba shi ne zai rikita kwalba. Kuma ya kamata kowa ya sani tun yanzu cewa mutane da yawa suna cikawa ne a ɗan lokacin da mai jinya ya fita wanka ko barci ya sace shi; wannan ba laifin kowa ba ne. Idan numfashi ya tsaya minti da yawa bai dawo ba, babu gaggawa. A duba agogo a rubuta lokacin, a rufe masa ido, a miƙe gaɓoɓinsa, a kira likita ko nas da za su tabbatar su ba da takarda bisa dokar wurin. Na'urar tura magani da robar fitsari a bar wa nas ta cire. Ragowar mofin da sauran magunguna masu ƙarfi a ƙirga su, a kulle, a mayar inda aka karɓo. Kada a ajiye don wani, kuma kada a bar su a ɗakin da jama'a da yara za su yi ta shiga a kwanakin da ke tafe.